Zanen da Ba Ya Wankuwa

Kun tashi kun tarar da ni ina sayar da goro a bakin kasuwa a nan Ikko, shi ya sa kuka ɗauka sana'ata ke nan tun asali. Ba ita ba ce. A Bahiya, can ƙetaren teku, aikina sa gilashi a taga ne, kuma na daɗe ina yi. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, na ga ya kamata in zauna in faɗa muku yadda na bar wannan aiki da abin da ya tafi tare da shi, domin kun sha jin gutsuri-gutsuri a bakin mutanen da ba a gabansu aka yi ba. Ladi, ke ce babba, sai ki yi haƙuri ki saurara har ƙarshe.

Ina yaro aka kai ni ƙasar, cikin jiragen ƙarshe da suka yi jigilar bayi. Wani Bafotugishe mai suna Sinyo Bento ya saye ni. Yana da shagon gilashi a Komersiyo, wato ƙasan gari, inda jirage ke sauke kaya, masu dako kuma su haura da su kan tudu. A hannunsa na koyi riƙe abin yanka mai kan lu'ulu'u, da kwaɓa danƙon liƙi, da ɗaukar faifan gilashi a titin da ke cike da alfadarai. Shi yana kirana Juwakin, ni kuwa Garba uwata ta raɗa mini. Bayan na samu 'yanci ban bar shagon ba, sai dai na kama ɗaki a unguwar Barrokinya, a gidan Gwaggo Delu, wata tsohuwa 'yar Katsina mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. A lokacin masu jin Hausa sun fara ƙarewa. A titi Yarbanci ake ji, yara kuma duk sun koma harshen Fotugis. Gidan Gwaggo ne kaɗai wurin da mutum zai yi sallama a amsa masa yadda ya saba.

Uwarki, Ladi, sunanta Hauwa. Baiwa ce a gidan wani attajirin sukari, wani dogon bene a bakin tudu, tagoginsa na kallon teku. Na je gyaran taga ne na ji wata tana sharar matakala tana yi wa kyanwa faɗa da Hausa, na tsaya da gilashi a hannu na kasa wucewa. Wani tsohon malami ya ɗaura mana aure a ɗakin Gwaggo. Da aka haife ki an riga an yi dokar da ta ce ɗan baiwa ɗa ne, amma yana ƙarƙashin ubangijin uwarsa har ya girma. Uwargidan, Dona Amaliya, ba ta son kukan yaro, don haka tun da aka yaye ki kike wurin Gwaggo. Ranar Lahadi ake barin Hauwa ta zo. Takan iso da gutsuren biredi a ƙunshe cikin zane, ta ɗora ki a cinya ta yi ta tsefe miki kai ko da ba ya bukatar tsifa.

A shekarar da nake ba ku labari, wani sabon gilashi ya zo daga Turai. Sinyo Bento ya tara mu, ya ɗaga faifai ɗaya ya sake shi a ƙasa. Muka kauce, amma bai fashe ba. Ya hau kansa da takalmi, ya yi tsalle, yana ta dariya kamar yaro. Ya ce a can ana gasa shi har ya yi laushi, sannan a sanyaya shi farat ɗaya, sai ya yi tauri. Na ɗauki wani na ja masa abin yanka kamar yadda na saba, ai kuwa ya yi wata ƙara ya tarwatse a hannuna, ya koma tsaki-tsaki kamar gishirin kanwa. Daga nan muka gane ba ya yankuwa, sai dai a aika da awon taga a ƙero shi daidai. Attajirin nan shi ya fara saya. Ni na auna tagogin benensa, ni kuma na sa su da kayan suka iso. Ranar akwai hadari, na goge su tas, ban ga komai ba.

Dona Amaliya ta yi ɓari a wannan tsakani, kuma ba shi ne na farko ba. Ta daina fita. Kullum tana kan kujera a gefen taga, tana kallon ruwa.

Wata Lahadi Hauwa ta zo, ta ƙi ɗaukar ki. Ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Gwaggo ta fizgo su, muka ga fatar yatsun ta saɓule, ta yi fari-fari, wani wurin har jini.

"Me ya cinye miki hannu haka?" in ji Gwaggo.

"Ruwan toka ne, Gwaggo. Tagogin nan sababbi. Uwargida ta ce da datti a jiki."

Ta juyo ta dube ni.

"Baban Ladi, na wanke da sabulu, na wanke da lemun tsami, na wanke da toka. Da safe ba komai. La'asar na yi sai abin ya fito. Ni ma ina ganinsa. Me kuka shafa musu?"

Na ce ba mu shafa komai ba. Washegari na nemi hanyar zuwa gidan da sunan duba danƙo. Sararin sama garau yake ranar, rana ta karkata, teku na ta ƙyalli. Da na tsaya gaban tagar sosai ban ga komai ba. Sai Hauwa ta ja ni gefe, inda kujerar uwargidan take, ta ce in duba a karkace. Nan na gan shi. Wasu tabo ne baƙi-baƙi kamar inuwa, jere a layi, wasu zagaye, wasu a miƙe, a bakin faifan kuma launi-launi irin na mai a kan ruwa. Na sa yatsa na goga ciki da waje, santsi kawai na ji. Na matsa taki ɗaya, tabon ya canja wuri. Wani ɗan gajimare ya gitta, tabon ya ɓace. Duk shekarun da na yi a sana'ar ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ban ɓoye wa Hauwa ba cewa ni ma ban san ko mene ne ba.

Da abin ya tsaya a datti da sauƙi. Amma wata ƙawar uwargidan ta zo dubiya, ta kalli tabon jere a layi, ta ce wannan ai rubutun Male ne. Haka suke kiran Musulmi. Tun kafin a kai mu ƙasar an taɓa yin wani bore na Musulmi a garin, aka zubar da jini a tituna, kuma har lokacin in Bature ya ga takarda da rubutun Larabci jikinsa rawa yake yi. Aka binciki tabarmar Hauwa, aka samu layar da malamin da ya ɗaura mana aure ya ba ta. Dona Amaliya ta haɗa layar da tagogin da cikin da ta rasa, ta ce baiwarta ce take rubuta mata asiri da ruwan da ba ya ganuwa sai da yamma. Aka yi wa Hauwa bulala a tsakar gida, aka kulle ta a ɗakin gawayi. Mai dafa abincin gidan ce ta kawo mana labari tana sayen ƙosai, ba ta ko ɗaga kai ba, don kada a ce an gan ta tana magana da mu.

Na rasa inda zan nufa, sai na tuna da wani tsohon Bajamushe mai yin tabarau a wani lungu kusa da dandalin gidan wasa. Nakan kai masa guntayen gilashi. Na ba shi labari da guntun Fotugis ɗina da nasa. Bai yi mamaki ba. Ya shiga ciki ya ɗauko wani ɗan gilashi da aka shafe bayansa da baƙin kwalta, ya fito da ni tsakar gidansa. Ya ajiye baƙin gilashin a kan benci, ya ce in sunkuya in kalli shuɗin sama a cikinsa a karkace. Sannan ya riƙe gilashi na yau da kullum tsakaninsa da sama. Ban ga komai ba. Ya ɗauko gindin wani kofi mai kauri ya riƙe a wurin, sai ga inuwa da launuka sun bayyana a ciki.

"Wanda ya huce a hankali, cikinsa kwance yake," in ji shi. "Wanda aka sanyaya da gaggawa, bayansa ya daskare kafin cikinsa, sai su zauna suna jan juna har abada. Wani wuri ya fi wani ɗaurewa. Hasken shuɗin sama da na kan ruwa in ya ratsa wurin, sai ya murɗe. Abin da kake gani ke nan. Ba lahani ba ne, ƙarfin nasa ma daga nan yake."

"To yaya zan nuna ba hannun mutum ba ne?"

"Ka samo faifan da ba ta taɓa taɓawa ba. Ka riƙe shi haka, ka juya shi a hankali kamar tire. Inda ya yi baƙi zai yi haske, inda ya yi haske zai yi baƙi. Tawada ba ta yin haka."

Na roƙe shi ya raka ni. Ya ce shi baƙo ne, kuma matan manyan gari su ne masu sayen tabaransa. Amma ya ba ni aron baƙin gilashin.

Faifan da Hauwa ba ta taɓa ba yana shagonmu, cikin akwatunan da ba a ko cire musu ƙusa ba. Na sami Sinyo Bento na faɗa masa komai. Ya daɗe yana shafa gemu. Mutumin nan ya san ni tun ban kai teburin yanka tsawo ba, ya san Hauwa, ya taɓa ba ki alewa, Ladi.

"Juwakin," ya ce, "in ka nuna wa mutumin nan cewa tabon a cikin gilashina yake, gobe zai dawo mini da shi. Jibi duk garin ya ji. Kana ganin akwatunan can? Duk abin da na mallaka yana cikinsu."

"Sinyo, matata ce."

"Na sani. Za su huce. Mata ne, za su huce."

"In ba su huce ba fa?"

Ya tashi ya ɗauko abin cire ƙusa ya ajiye a kan akwati, ya juya mini baya.

"Ba zan ce ka sata ba. Ɗauki. Amma in ka fita da shi, kada ka sake shigowa nan."

Ban ɗauka a ranar ba. Na koma gida na faɗa wa Gwaggo. Tana tsame ƙosai daga mai, ba ta dube ni ba.

"Garba, ni na ga abin da aka yi a garin nan kan takarda ɗaya. Mutanen nan ba gaskiya suke nema ba. Matar ta rasa ɗa, tana neman wanda za ta ɗora wa. In ka cire mata Hauwa, wa za ka ba ta? Ka rasa aikin, yarinyar nan ta ci me?"

"To in zauna, Gwaggo?"

Ta kwashe ƙosan da ya fara ƙonewa.

"A'a," ta ce. "Ba za ka iya zama ba. Je ka. Na dai faɗa maka ne don kada ka tafi da dogon buri."

Da safe na shiga shagon, na ɓalle akwati a gaban Sinyo Bento, amma na bar ciyawar da takardar da aka naɗe faifan da su yadda suka zo daga jirgi. Na ɗora a ka na haura tudu. Na jira a ƙofar benen har la'asar, don sai rana ta karkata abin yake fitowa sosai. Maigidan ya dawo daga wurin kasuwancinsa, na durƙusa na roƙe shi ya ba ni ɗan lokaci. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga mini harshe ba. Ya ce in shigo. A barandar baya na kwance ƙunshin a gabansa, na nuna masa hatimin masu ƙera shi bai karye ba. Na ajiye baƙin gilashin, na riƙe faifan sama. Ya sunkuya ya duba. Tabon ya fito jere a layi, irin na tagoginsa sak. Na juya shi a hankali, baƙin ya koma haske. Ya ce in sake. Na sake. Har ya karɓa da kansa ya juya, yana murmushi, ya ce abin ban sha'awa ne.

"Ka ga ke nan, Sinyo, ba rubutu ba ne. Haka aka ƙero shi. Ba hannunta a ciki."

"Ai ni ban taɓa cewa rubutu ne ba," ya ce. "Ni ba mace ba ne."

Na tsaya da faifan a hannu.

"To, Sinyo, a sake ta."

"Matata ba ta iya barci muddin tana gidan nan. Ko na nuna mata wannan, cewa za ta yi mijin baiwar ne ya kawo. Na riga na sallama ta ga wani dillali jiya. Kudu za a kai ta, gonakin kofi." Ya miƙo mini baƙin gilashin. "Ka gaya wa Bento ya aiko a cire tagoginsa."

Na faɗi na kama ƙafarsa. Na ce zan yi masa aiki har in mutu, na ce ya mai da ni bawa a madadinta. Ya janye ƙafar a hankali, ya ce magana ta riga ta wuce hannunsa, ya shiga ciki. Ban ga Dona Amaliya ba ranar. Ban sake ganinta ba ma har na bar ƙasar.

Na bi dillalin har wurin da yake tsare mutane a bayan ɗakunan ajiyar kaya. Ya ce ya riga ya yi alkawarin kawuna a kudu, ba ya warware ciniki. Mutanenmu na Barrokinya suka yi iya ƙoƙarinsu, aka aika masa dattawa, ya ƙi ko saurarensu. Masu dako ne suka gaya mini ranar da jirgin zai tashi.

Ranar da hantsi muka sauka Komersiyo, ni da Gwaggo, tana goye da ke. Mun yi shawara za mu tsaya nesa, bayan buhunan sukari, don uwarki ta hango ki kawai. Aka fito da su a jere. Hauwa na tsakiya, ta rame, hannuwanta naɗe da tsumma. Gwaggo ta sauke ki don ta gyara zane, sai kika hango ta. Kafin mu ankara kin zille, kin ratsa tsakanin ƙafafun masu dako, kina kiran Inna, Inna, kika rungume ƙafarta.

Dillalin ya juyo. Doka ta ce ƙaramin yaro yana bin uwarsa duk inda aka sayar da ita, kuma wanda ya sayi uwar shi ke morar yaron har ya girma. Attajirin bai ambace ki ba, wataƙila ya manta ma da ke. Na ga idon dillalin yana auna ki daga kai har ƙafa.

"Wannan 'yarki ce?"

Hauwa ba ta sunkuya ba. Ba ta taɓa ki ba. Ta dubi gabanta, ta amsa da Fotugis, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Ba ni da 'ya. Ban san ta ba. Ku janye mini ita."

Gwaggo ta iso tana haki, ta fizge ki, ta ɗirka miki duka a baya, tana cewa jikarta ce, ba ta da hankali, kowace mace ta gani sai ta kira ta uwa. Dillalin ya dube su, ya dubi Hauwa, ya ɗaga kafaɗa. Layin ya ci gaba. Da ta zo daidai inda nake, ba ta juyo ba, sai dai ta yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kanta mita.

"Baban Ladi, ka ɗauke ta daga ƙasar nan. Kada ka bari ta ga gonar kowa."

Aka sa su a kwalekwale zuwa jirgi. Na tsaya har na daina bambanta kanta da na sauran.

Sinyo Bento ya cika maganarsa. Sauran masu shagon gilashi kuma suka ji cewa ni ne na jawo aka mayar masa da kaya, babu wanda ya sake ba ni ko taga ɗaya. Na koma dako a bakin jirgi, da girmana, ina haura tudu da buhu a ka. Duk matuƙin da ya zo daga kudu sai na tambaye shi. Na aika saƙo ta bakin masu dafa abinci a jirage, na ba da kamanninta ga duk wanda ya yarda ya saurara. Ko sau ɗaya amsa ba ta dawo ba. Gwaggo Delu ta rasu bayan 'yan shekaru, muka binne ta, mu 'yan ƙalilan da muka rage masu iya yi mata salla. Daga nan na shiga jirgin Ikko da ke, a nan na auri mahaifiyar ƙannenki, Allah ya saka mata da alheri, ta riƙe ki kamar ita ta haife ki.

Ladi, kina da shekara huɗu ko biyar a lokacin, na ɗauka kin manta. Sai ranar sunan ɗanki na fari na ji kina faɗa wa wata maƙwabciya cewa abu ɗaya kike tunawa game da uwarki, ta ce ba ta san ki ba. Kin ji daidai, haka ta faɗa. Amma ke kina ƙasa, fuskarki a cikin zanenta, ni kuwa ina tsaye ina kallonta. Ta cije leɓenta har jini ya gangaro mata a haɓa, hannun nan nata mai tsumma ta danne shi da ɗayan a ƙirjinta don kada ya sauko kanki. Da ta shafa kanki sau ɗaya, da tare aka sa ku a kwalekwalen.

Ban san inda kabarinta yake ba. In kin idar da salla, ki ambaci sunanta. Hauwa, 'yar Zazzau. Ita ta faɗa mini haka, iyakar abin da ta iya tunawa ke nan.